A Cire Hamsin

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran sikeli, kuma ban taɓa yarda akwai ma'aunin da zai yi mini ƙarya in kasa kama shi ba. Na mahauta, na masu kifi, na masu gwal, har da wanda ake ɗora jarirai a kai, duk sun bi ta hannuna. A layinmu Injiniya ake ce mini. Ni na raɗa wa kaina sunan, amma ai jama'a sun karɓa.

Saboda haka ranar da likita ta duba takardar gwajin jinina ta ce, "Baba, suganka kafin ka karya ɗari da sha takwas ne," abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Wa ya saita muku ma'aunin?"

Matata ta zungure ni da gwiwar hannu.

Likita ba ta kula ni ba. Ta ce ƙasa da ɗari lafiya ce, daga ɗari zuwa ɗari da ashirin da biyar mutum yana tsaye a bakin ƙofar ciwon suga, daga nan sama kuwa ya shiga ɗaki ya zauna. Ta ce in bar suga a shayi, in rage burodi da shinkafa, in ƙara ganye da wake, in riƙa tafiya a ƙafa rabin awa kullum, in sauke wannan tumbin, sannan in dawo bayan wata uku.

Gaskiya na ji tsoro. Ciwon suga ne ya cinye idon yayana, mutumin da a da yake zura zare a allura da hasken ashana, yanzu sai an kama masa hannu zuwa bayi. Ni kuwa da ido nake ci, don layukan da ke fuskar sikeli ba a lalube su. Sai dai ni tsorona ba ya fita ta ido, ta baki yake fita, ya koma cika baki. Kafin mu iso gida na riga na gaya wa direban da ya ɗauko mu cewa wata uku ya yi yawa, ni a mako uku zan kai suga ƙasa.

Washegari shayina ya zo salam. Na kurɓa, na dubi matata.

"Wannan ruwan wankin kofi ne ko hukunci?"

"Magani ne, maigida. Sha."

"Ko rabin cokali?"

"Ko ƙwaya."

Kwana huɗu na yi a haka. Na yi tafiyar rabin awa sau biyu, na dawo ina haki yara suna tambaya ko kare ne ya biyo ni. A rana ta biyar na wuce shagon magani na sayo na'urar gwajin suga, 'yar ƙarama kamar akwatin ashana, da kwalbar 'yan takardun gwaji da abin tsira yatsa. Mai shagon ta fara yi mini bayani, na ɗaga mata hannu. Mutumin da ya kwance sikelin auna mota ya mayar, shi za a koya wa akwatin ashana?

Da safe na tara gida don su ga aiki. Na ɗana abin tsirawa a yatsa, na ce bismillah, sai na ga ashe hasken ɗakin bai isa ba. Muka koma tsakar gida. Na sake ɗanawa, sai na tuna ban yanke farce ba. Matata ta gaji, ta kama yatsan ta danna.

Ihun da na yi sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya wa ya faɗi.

Na'ura ta ce ɗari da sha takwas. Don in tabbatar, na miƙa wani yatsa, ta ce ɗari da ashirin da uku. Na miƙa na uku, ta ce ɗari da sha huɗu. Nan fa na ajiye tsoro gefe, sana'a ta motsa.

"Kin gani ko? Mutum ɗaya, jini ɗaya, amsa uku! Da mahauci ne ya kawo mini sikeli haka, da na ce ya ji tsoron Allah."

"Takardar da ke cikin kwalin ta ce ana samun ɗan bambanci," in ji matata.

"Takarda kuma! Wanda ya ƙera abu ai ba zai zagi abinsa ba."

A sana'armu, sikelin da ake tantama a kansa ba a musu da shi. Dutsen awo ake ɗora masa, wanda aka san nauyinsa tabbas. In dutse kilo ɗaya ne, sikeli ya ce kilo da kwata, to an kama ɓarawo, sai a cire kwata. Abin da nake bukata kenan, dutsen awo na jini, wato mutumin da lafiyarsa ba ta da shakka. Ban sha wahalar nema ba, don yana nan jikin shagona.

Mai aski ne, amininmu tun muna samari, muna kiransa Tsinke saboda ramarsa. Ba tumbi, ba kitse, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Ga shan ruwa, kullum da gora a hannu, ya cika ta ya shanye sau nawa a yini. Yakan bar mutum da rabin kai a aske ya zaga bayi, ya dawo ya sake zagawa. Ni a lissafina duk wannan alamar jiki mai wanke kansa ce.

Na tare shi da sassafe kafin ya sa komai a baki.

"Tsinke, ara mini yatsa."

"Na yi me da sauran tara?"

"Kimiyya za mu yi. Kai ne dutsen awo."

"An ce mini tsinke, an ce mini sanda, yau kuma dutse. To Allah ya sa ba jifa za a yi da ni ba."

Na sa sabuwar allura na tsira shi. Shi mai riƙe aska kullum, sai da na danne masa ƙafa. Na'ura ta ƙirga ta ce ɗari da arba'in da biyar.

Na yi dariya har da buga cinya. Lafiyayye irin Tsinke, in ya yi yawa ya kai casa'in da biyar. Na'ura ta ce ɗari da arba'in da biyar, kenan ta yi ƙarin hamsin cif. Na yanko farar takarda, na rubuta A CIRE HAMSIN da jan biro, na manna a bayanta, kamar yadda nake yi wa sikelin da ya ƙi saituwa.

Sai a hanyar gida lissafin ya faɗo mini. Ɗari da sha takwas, a cire hamsin, saura sittin da takwas. Na buɗe takardar cikin kwali, wadda na gama zagi jiya, na ga ta ce ƙasa da saba'in suga ya yi ƙasa. Na shiga gida da sallama mai ƙarfi.

"Kawo gwangwanin suga. Ashe ƙarancinsa ke damuna!"

Matata ta ajiye tsintsiya. "Ƙarancin me?"

"Suga. Kwana biyar kina kashe ni a tsaye. Shi ya sa nake haki in na yi tafiya."

"Tumbi ne ke sa ka haki."

"Tumbin ma kumburin rashi ne."

"Maigida, likita ta yi karatu shekara nawa?"

"Ta yi karatun jini, ba ta yi karatun ma'auni ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ta dube ni ta ce, "Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba," ta sa gwangwanin a kabad ta kulle, ta ɗaura makullin a bakin zane. Ban damu ba, na sayi nawa na ajiye a shago, cikin akwatin duwatsun awo.

Abin alheri ba a ɓoye shi. Kafin mako ya zagayo na sa benci a ƙofar shago, na ce duk mai son gwaji ya zo, kyauta. Na ajiye kwalbar takardun gwaji a kan taga inda rana ke duka, a buɗe, don kada in riƙa wahalar murɗa murfi. Jama'a suka yi layi.

Direban babbar mota, wanda sai ya karkace yake shiga ƙofar shagona, ya samu ɗari da talatin. Na cire hamsin na ce tamanin, lafiyarsa ta fi ta doki. Ya rungume ni har ƙashin bayana ya yi ƙara. Wata tela ta layinmu ta zo tana ɓare lemo, ruwan yana bin yatsunta, na tsira a haka, na'ura ta ce ɗari biyu da sittin. Na cire hamsin, abin bai sauko ba, sai na ce ta kawo ɗaya hannun. Can ta samu ɗari da biyar, na cire hamsin, saura hamsin da biyar.

"To wanne ne nawa, Injiniya?"

"Duka naki ne. Hannun dama ya yi yawa, na hagu ya yi kaɗan. Ki riƙa kwanciya ta ɓangaren hagu ya gangara."

Ta tafi tana sa mini albarka.

A ƙarshen wata, duk wanda na gwada a layinmu ko lafiya ƙalau yake, ko suga ya yi masa kaɗan. Mai gidan burodi ya ce tun da ya buɗe bai taɓa ciniki irin na watan nan ba, ya fara aiko mini da kek kowace yamma, wai ladan likita. Tafiyar rabin awa ma ban bari ba, sai dai na karkasa ta: minti uku zuwa gidan burodi, minti uku dawowa, sauran kuma na bar wa Allah.

Matata ta daina musu da ni, ta koma aiki da ido. Wata rana ina sunkuye ina gyara wa mai kifi sikeli, maɓallin wandona ya tsinke, ya tashi ya faɗa farantin sikelin, ƙwal! Mai kifi ya leƙa ya ce, "Giram biyu." Labari ya riga ni isa gida.

"An ce ƙarancin suga ya fara harbin mutane," in ji ta, tana neman zare.

"Zaren yanzu ne ba ƙwari."

"Na'ura ba ta da gaskiya, zare ba shi da ƙwari, likita ba ta da sani. Kai kaɗai Allah ya saita."

A cikin wata na biyu Tsinke ya shigo shagona yana ɗingishi. Ya ce wani ɗan ƙarfe ya soke shi a babban yatsan ƙafa, kusan mako uku kenan ya ƙi warkewa, kuma wani da ya zo aski ya ce ya je a duba masa suga.

"Wa ya faɗa? Kai da nake saita na'ura da kai? In kana da suga, to duk garin nan a kwantar da su. Shafa man zafi ka sa takalmi buɗaɗɗe."

"Ka tabbata, Injiniya?"

"Na taɓa ba ka kilo ya zama kwata?"

Ya ce a'a, ya ɗingisa ya koma.

Da wata uku ya cika, ban tafi asibiti ni kaɗai ba. Na gayyaci shaidu, don in likita za ta ba ni haƙuri a yi a gaban jama'a. Direban babbar motar nan ya kwashe mu a motar ƙaninsa: ni, matata, tela, mai gidan burodi da ya rufe shago don kara, da Tsinke a gaba an miƙe masa ƙafa. Na sa babbar rigata, wadda a da take yi mini yawa. Na'ura na aljihu, na hana kowa karyawa.

Aka ɗebi jinina, muka zauna a zauren jira, cike maƙil da mutane. Ban ɓata lokaci ba, na fara yi wa na kusa da ni bayanin yadda na'urorin zamani ke cutar talaka. Kafin a jima an kewaye ni. Wani tsoho har ya ciro tasa na'urar yana tambaya nawa zan saita masa.

Nas ce ta katse mini lacca, wata gajera mai tabarau, da takarda a hannu.

"Baba, kai ne mai cewa na'urarka na ƙarin hamsin? Bismillah, zo mu gwada ta a nan, tun da ga sakamakon ɗakin gwaji ya fito."

Na miƙa mata kwalbata. Ta leƙa ciki ta ce, "Ina murfin?"

"Yana shago."

"A ina kake ajiye su?"

"Kan taga, don su sha iska."

Ta rufe ido ta buɗe. Ta ce zafi da damshi suna lalata takardun, in suka lalace kuwa sai su faɗi abin da suka ga dama. Ta ɗauko sababbi irin na na'urata, ta tura ni famfo in wanke hannu da sabulu in goge ya bushe, don ko ɗigon ruwan lemo a yatsa yana iya harba lamba sama. Na ji tela ta yi wani irin tari a bayana.

Nas ta tsira ni. Na cije, don akwai mata a wurin. Na'ura ta ce ɗari da ashirin da tara.

"A cire hamsin," na faɗa da ƙarfi, ina duban jama'a, "saba'in da tara!"

Nas ta ɗaga takardar ɗakin gwaji. "Ɗari da ashirin da biyar."

Ta miƙo mini na'urata ta ci gaba.

"Na'urarka ta kauce da huɗu kacal, Baba, wannan kuwa ba laifi ba ne, kowace ta gida tana ɗan yin sama ko ƙasa. Wata uku da suka wuce kana ɗari da sha takwas. Yanzu tsakaninka da ciwon suga lamba ɗaya ce."

Tsohon nan ya mayar da na'urarsa aljihu a hankali. Mai gidan burodi ya fara karanta wata sanarwa a bango kamar za a yi masa jarrabawa a kanta. Da mai hankali ne da ya yi shiru a nan. Ni kuwa sai na janyo Tsinke gaba.

"To ku ma naku ma'aunin yana ƙari! Ga hujjata. Dubi mutumin nan, ko kitsen miya babu a jikinsa, amma na'urar ta ba shi ɗari da arba'in da biyar."

Nas ba ta dube ni ba, Tsinke ta duba, daga gorar ruwan hannunsa har zuwa tsumman da ke ƙafarsa.

"Malam, kana yawan jin ƙishirwa?"

"Kamar na haɗiyi gishiri."

"Fitsari fa?"

"Masu aski sun fara ƙorafi."

"Wannan ramar, haka kake tun da?"

"Siriri ne ni tun asali, amma bana wandona ya fara zamewa."

"Ƙafar wata nawa?"

"Biyu. Amma Injiniya ya ce man zafi zai yi."

Ta zaunar da shi, ta wanke masa hannu da kanta, ta ɗauko na'urar asibiti, don ta ce ba a karo-karon na'urar gida da abin tsirawa tsakanin mutane, ko da an canja allura. Lamba ta fito ɗari biyu da talatin da takwas. Direba, Allah ya shirye shi, ya ce a hankali, "Ko an cire hamsin ma..." Matata ta harare shi ya haɗiye sauran.

Aka shiga da Tsinke wurin likita, ni ma na bi, ba wanda ya kira ni. Da aka kwance tsumman na ga yatsan, sai na zauna a kan kwandon shara. Likita ta ce za a tabbatar a ɗakin gwaji, amma ita ba ta shakka, ciwon ya daɗe a jikinsa. Ta ce rama ba shaidar lafiya ba ce, wani lokaci ma ciwon ne ke kawo ta. Da ya ƙara wata guda a gida, da yatsan ya tafi, wataƙila har da abin da ya fi yatsa.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mutum ya kawo mini ciwonsa tun da sauran dama, na'ura ta faɗi gaskiya tun ranar farko, ni na manna mata takarda na rufe mata baki. Na ce, "Tsinke, ka yafe mini."

Ya dube ni ya ce, "Kuka za ka yi a kan kwandon sharar mutane? Tashi, sai na yi shawara."

A waje kuwa an riga an yi layi. Direba, tela, har da mai gidan burodi, kowa ya miƙa hannu a sake gwada shi. Direba ya fito da takardar sakamakonsa yana nemana da ido, na ɓuya a bayan matata, ita kuma ta matsa gefe.

Likita ta ce dole a riƙa wanke wa Tsinke ƙafa a asibiti kowace safiya har ta warke, kuma kada ya taka ta da yawa. Ni kuma ta ce tafiyar rabin awar nan ba roƙo ba ce. Matata ce ta haɗa maganganun biyu wuri ɗaya tun kafin mu fita daga ɗakin. Akwai tsohon kekena a bayan gida, shekara goma ba a hau ba.

Shi ya sa duk wanda ya bi layinmu da safe yanzu zai ga mai aski zaune a kan keke, ƙafa a naɗe da farin bandeji, ya harɗe hannu kamar mai gari, ni kuma ina tura shi, gumi har cikin takalmi. Minti arba'in zuwa, minti arba'in dawowa, ga hawa a tsakiya. Ba ya wuce kowa bai gaisa ba, kuma kowa ya tsaya sai ya nuna ni ya ce, "Ku gaida likitana."

Mako shida muna haka. Yatsa ya fara haɗewa, wandona ya fara zama ba gardama. Jiya da safe na wanke hannu, na goge, na gwada, matata na tsaye a kaina, na'ura ta ce ɗari da tara. Da muka iso ƙofar tela sai na ji bakina yana ƙaiƙayi. Na rage tafiya, na gyara murya, na ce mata, "Kin san ai da ban kai shi asibiti ranar nan ba..."

Tsinke bai ko waiwayo ba.

"Tura dai, Injiniya."

Na tura.